Kujerar da Kumandan Ya Bari

Ni da yayana ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Na fara da wannan don kada wani ya ɗauka kujera ce ta raba mu. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, shekara huɗu ya ba ni. Ranar da gardi, dogarin Bature, ya zo ƙauyenmu, can gindin dutse a ƙasar Garhanga, neman yaran da za a sa lekol, makarantar boko, shi aka ɓoye cikin rumbu, ni aka miƙa, don shi ne ya isa riƙon hauya. Da boko ya zama abin arziki, na fito malami mai albashi, sai ya riƙe ni a zuciya kamar ni na sace masa rabo. Ba ya kiran sunana. "Mushe" yara ke ce wa malamin lekol a wajenmu, shi ma haka yake ce mani, amma sai ya karkata harshe kalmar ta fito kamar mushen jaki na bayan gari.

Ni ma ina da nawa a ciki. A lokacin fari na farko, na shekarun saba'in, ni na riƙa aiko da buhunan dawa daga Madawa, shi kuma ya tsaya ƙofar gida da tiya yana rabawa, mutane na sa masa albarka. Bai taɓa ce wa kowa daga ina hatsin ya fito ba.

Mahaifinmu ya rasu bayan girbin kaka, shekarar da ta biyo bayan fari na biyu. Lokacin ina koyarwa a Sabon Gida. Innarmu ta riga shi da daɗewa, don haka mu huɗu ne magada: yayana, ni, da ƙannenmu mata biyu. Fari bai bar mana abin kirki ba. Gonakin tudu biyu, wata 'yar gona a kwari, awaki, jaki, riguna, sai kujera.

Babu irin kujerar nan a duk ƙauyukan da na sani. Katako ne baƙi-baƙi mai nauyi, da majingina da hannuwa biyu, ana naɗe ta a ɗauka, gaɓoɓinta na tagulla. An lulluɓe mazauninta da fatar sa, an bi gefen fatar da ƙusoshi reras. A ƙarƙashin mazaunin akwai wasu sanduna biyu masu tsagi waɗanda ba wanda ya san amfaninsu. Muna yara mukan ce nan Bature ke soke bindigarsa. Mahaifinmu kaɗai ke hawanta. Da hantsi a fitar masa da ita zaure, da la'asar a kai ta gindin itacen bedi. Duk wanda ya zo da maganar iyakar gona ko ta aure, a ƙasa yake zama, shi yana bisa.

Labarin da muka tashi da shi, wai kakanmu ne ya tsamo kumandan, Baturen da ke mulkin Madawa, daga kori, rafin nan mai cika da ruwan sama, wata damina da ruwa ya ci dokinsa, shi kuma ya ba shi kujerarsa don godiya. A bakin yayana labarin kullum ƙaruwa yake. Har ya kai ga cewa kumandan ya cire hularsa ya sara wa kakanmu gaban jama'a.

Bayan sadakar arba'in liman ya zauna rabon gado a zaure. Ya ce kowane abu sai an yi masa ƙima kafin a raba. Gona da dabba ba su ba da wuya ba, dattawa sun san kuɗinsu. Sai aka zo kan kujera.

Yayana ya kaɗa hannu, ya ce, "Wagga? Tsohon icce ne, Malam. Ku sa ta kuɗin kaza biyu, in ɗauka cikin rabona, don dai kada ta bar gida."

Ni kuwa kwana uku kafin nan na ji shi da kunnena a kasuwar Garhanga, a rumfar mai shayi, yana cewa wani Bature daga Keita ya taya ta kuɗin raƙumi ya ƙi. Na kuma san abin da yake nema da ita. Maigarinmu ya tsufa, yana kwance, yayana na cikin masu harin hular sarautar. Kujerar ita ce shedarsa cewa gidanmu ya saba da hukuma tun zamanin Nasara.

Na ce, "Yaya, ba raƙumi na ji ka ce ba a kasuwa? Ko raƙuman Garhanga sun koma kaji?"

Ya dube ni, ya ce, "Kai da ke zama bisa benci na gwamnati, mi za ka yi da kujerar ubanmu?"

"Ba kujerar nike so ba. Haƙƙin ƙannenmu nike so a hidda daidai."

Ƙarya nake yi. Ban damu da haƙƙin kowa ba ranar nan. So nake kada ya samu abin da yake so a banza.

Liman ya ce shi bai san kuɗin irin wannan abu ba, kuma ba zai ɗauki alhakin marayu ba. A kai ta wurin waɗanda suka sani. Mu tafi tare mu biyu, don kada wani ya dawo da maganar da ɗan'uwansa bai ji ba.

Muka ɗora ta bisa jaki har bakin hanya, daga nan muka hau kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Buza. Yayana ya zauna gaba kusa da direba, ni ina baya bisa buhunan wake, rungume da kujerar don kada duwatsun hanya su karya ta. Da muka sauka ko sannu bai ce mani ba.

Akwai wani kafinta a Buza da ke yi wa lekol-lekol tebura. Ya kifa kujerar bisa tebur, ya kankare ƙafarta kaɗan da bakin wuƙa, ya sansana. Ya ce wannan ba maɗaci ba ne, ba kuma katakon da ake kawowa daga bakin teku ba ne, iccen ƙasar Turawa ne. Ya nuna mana wani tambari da aka ƙona a cikin ƙafar baya. Na ɗora takarda na goga fensir, baƙaƙe suka fito rabi-rabi: sunan wani gidan kafintoci ne a Faransa, sauran ya goge.

Yayana ya buga ƙirji. "Kun ji ko? Daga Faransa!"

Kafinta ya ce, "Kujerar daga can take. Amma wagga fata da ƙusoshin, aikin gida ne. Ƙusar maƙeri ce. In kun yarda in ɗaga fatar in ga abin da ke ƙasa."

Yayana ya ce ba wanda zai taɓa fatar da ubansa ya zauna a kai. Kafinta ya sake leƙa sandunan nan biyu, ya sa yatsa cikin tsagin, ya yi wani ɗan murmushi da ya haɗiye da sauri. Ina jin tun a nan ya gane. Ya ce shi a matsayin katako ba zai wuce jika biyu ba, wato sefa dubu biyu, amma kuɗin irin wannan abu yana cikin labarinsa, shi kuwa labari ba sana'arsa ba ce. Ya kwatanta mana wani tsoho a Madawa wanda ya yi wa kumandan-kumandan aikin kuku tun yana saurayi. Ya ce in akwai mai sanin kayan gidan nan a raye, shi ne.

Washegari muka isa Madawa, ranar kasuwa. Muka tarar da tsohon a layin masu tabarmi, inda ɗansa ke da rumfa. Idonsa ya kusa tafiya, amma bakinsa garau. Kafin a gama gaisuwa yayana ya riga ya tara mutane. Ya jingina kujerar a naɗe jikin rumfa, ya shiga ba da labarin kori da doki da hula. Masu tabarmi suka matso, da masu jiran mota, har da mutum uku 'yan wajenmu da suka kawo awaki.

Tsohon ya ce a miƙo masa ita. Kujerar nan tana da wani ɗan maƙalli a gefe, wanda baƙo yakan daɗe yana laluba kafin ya gano. Shi hannunsa kai tsaye ya tafi can. Ya buɗe ta ƙwas, kamar jiya ya rufe ta. Ya shafa majingina, ya shafa hannuwan, ya zura hannu ƙasa ya taɓa sandunan. Sai dariya ta kubce masa. Ya toshe baki da gefen rigarsa.

Ya ce, "Wa ke zama bisa wagga?"

Yayana ya ce, "Kakanmu, sannan mahaifinmu, Allah ya jiƙan su. Shekara arba'in mahaifinmu na yanke magana bisa ta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohon. Ya ce, "Allah ya jiƙan su. Ɗiyana, ku ɗauko ta mu shiga daga ciki, mu yi magana mu uku."

A nan ne na yi abin da na yi. Ban san me zai faɗa ba, amma na san ba abin da yayana ke son ji ba ne. Na ga yayana ya sunkuya zai ɗauki kujerar. Sai na dafe ta.

Na ce, "Faɗi nan, Baba. Ai gaban jama'a munka fara. Gidanmu ba shi da abin ɓoyo."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya ce, "Kai ne ƙanen?"

Na ce ni ne.

"To. Kai ka ce." Ya gyara zama. "Wagga kujera ta kumandan ce, gaskiya ne. Na san ta, na san 'yar'uwarta. Amma ba ta zaman shari'a ba ce. Ta rangadi ce. In za shi ƙauyuka, Bature ba shi tsugunawa bayan gari kamar mu. Sai a kafa mashi wagga bayan zana. Sandunan ga da kuke gani, nan ake zura kwanon. Akwai mutum guda da aikinsa ke nan, shi ɗauke ta bisa kai daga zango zuwa zango, shi zubar, shi wanke. Cikin waɗanda anka kama aikin tilas ake hiddo shi."

Can baya wani ya yi tari irin na mai danne dariya.

Yayana ya ce, "Ƙarya kake, tsohon banza! Boyin Nasara, mai wanke masu tukunya!"

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni tukunyar miya na wanke, ɗana."

Ina da 'yar wuƙa a aljihu ta fiƙe fensir. Na fiddo ta, na soka a gefen fatar, na ja. Fatar ta bushe, ta tsage da ƙara kamar ana yaga tabarma. A ƙasa ga katakon mazaunin, a tsakiyarsa ga zagayayyen murfi kamar faifai, an kafe shi da ƙusa huɗu.

Kasuwar ta fashe da dariya. Wani mai tabarmi har da faɗuwa bisa kayansa. Ban ga hannun yayana ba sai da ya sauka. Ya mare ni mari ɗaya da ya jefar da tabarauna cikin ƙasa, kunnena na hagu ya yi kwana uku yana ƙugi. Ina da shekara talatin da biyar, da mata da 'ya'ya, kuma cikin masu kallo akwai iyayen yaran da nake koyarwa. Na cakumi wuyan rigarsa, mutane suka shiga tsakani. Ya fizge, ya bi ta cikin 'yan albasa ya nufi tasha, ya bar ni da kujerar.

Ina neman tabarauna wani mutum mai hular saƙa ya tsuguna kusa da ni. Dillali ne, irin masu bin ƙauyuka suna sayen tsoffin takubba da akusa da turaye su kai Yamai wurin Turawa. Ya ce ya ga komai. Ya ce da kujerar zama ce kawai da ba ta dame shi ba, irinsu sun cika gidajen gwamnati. Amma wannan, Turawa na son abin da zai ba su dariya a kan kakanninsu. Ya tambaya ko kwanon na nan. Na ce babu. Ya ce kash, da akwai kwano da ta yi kuɗi sosai. Ya taya jika goma. Na ce ba tawa ba ce ni kaɗai. Ya ce duk ranar kasuwa yana nan.

Na kwana Sabon Gida, na kama hanyar ƙauyenmu da kujerar kwana biyu bayan haka. Masu awakin nan uku sun riga ni isa, sun kai labarin kowane zaure. Ina shiga gari wasu samari a bakin rijiya suka ce, "Mushe, sannu da kaya. A kawo zana?" Yayana kuwa an riga an laƙaba masa suna, Sarkin Kwano. Ba ya fita ko masallaci.

Ban sauke kujerar daga jaki ba aka ce Gwaggo na kira. Ƙanwar mahaifinmu ce, mijinta ya mutu ta dawo gida, tana wani ɗaki can ƙurya kusa da garken awaki. Na tarar da yayana a can, ya juya wa ƙofa baya. Ta ce in shigo da kujerar. Ta daɗe tana duban fatar da na tsaga.

Ta ce, "Wa ya ce ku tahi Madawa tambaya, ina nan zaune?"

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Ina da wayo sanda anka kama Baba, kakanku. Lampo, harajin Nasara, ya kasa biya. Shekara biyu yana ɗauke da wagga bisa kai, Madawa, Buza, Keita, kwanon na rataye a wuyansa. Gashin tsakiyar kansa bai sake tsirowa ba. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya ce a yar da ita. Baba ya ɗauko ta ya kawo gida. Ya wanke ta da toka kwana bakwai, ya kira maƙeri ya kafe bakin, ya sayi fata ya rufe. Ya ce, na ɗauke ta shekara biyu, yanzu ita za ta ɗauke ni har in mutu. Haka kuwa anka yi."

Na ce, "Mahaifinmu ya sani?"

"Shi ya riƙe wa maƙeri ƙusoshin. Zancen kori da doki mutane sunka ƙaga daga baya, shi kuwa bai ce i ba, bai ce a'a ba." Ta nuna yayana da sandarta. "Kai ka so ka hau ƙarya ka ci sarauta." Ta juyo da sandar kaina. "Kai kuwa ka tsiraita ubanka da kakanka gaban masu saida tabarmi, don kawai ka ga yayanka ya ji kunya. Wagga boko taka ke nan? Ku tashi ku ba ni wuri, ku duka."

A tsakar gida yayana ya tsaya, bai dube ni ba. Ya ce, "Ka san abin da tsohon zai faɗi."

Na ce, "Ban sani ba. Amma ko na sani, sai na ce ya faɗi."

Maganar ƙarshe ke nan da muka yi baki da baki.

Liman ya sake zama. Ya ɗauki tayin dillali a matsayin ƙima, tunda shi ne kaɗai tayin da aka yi gaban shedu. Ya aika a tambayi yayana ko har yanzu yana son ta cikin rabonsa. Yayana ya aiko ɗansa ya ce ko kyauta ba ya so. Ƙannenmu mata suka ce su ma ba sa so, a kai kasuwa. Liman ya ce to, wanda ya tsaga fata shi zai ɗauka. Aka sa ta cikin rabona, aka rage mani akuya biyu. Gonar kwari, wadda ita kaɗai ke ba da amfani in ruwa ya yi ƙaranci, ta faɗa wajen yayana, dattawa duka suka goyi bayan haka. Ba wanda ya faɗa, amma na san hukunci ne.

Maigari ya rasu da bazara. Yayana bai ko tsaya ba, wani ɗan baffan marigayin aka naɗa. Ƙannena mata suka daina aiko mani da kuka da daddawa yadda suka saba. Ƙaramar ta ce wa matata 'ya'yanta sun daina zuwa rijiya saboda tsokana.

Kujerar ta yi wata bakwai a gidana na Sabon Gida. Matata ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba, sai na ajiye ta a rumfar kaji. Sau ɗaya na buɗe ta na zauna, ina so in ji abin da tsofaffin nan biyu suka ji. Ban ji komai ba sai ƙusa da ke sukar cinyata. Wata ranar kasuwa na kai wa dillali. Ya ga na matsu in rabu da ita, ya rage jika biyu, ya ce fatar ta ƙara lalacewa. Na karɓa. A gabana ya sa aka ɓamɓare fatar gaba ɗaya, aka zare ƙusoshin nan huɗu, ya ɗaga murfin ya leƙa ta ramin yana dariya. Na tsinci ƙusoshin daga ƙasa na zuba aljihu, ban san dalili ba. Sun ɓace a wata ƙaura da muka yi.

Yayana ya ja katanga ta raba gidanmu biyu, ya fasa wa kansa sabuwar ƙofa ta gabas. In na je hutu, ta tsohuwar ƙofa nake shiga, in gaida Gwaggo, ta amsa a daƙile, in fito. Matata ta haihu sau biyu bayan haka, bai zo suna ba. Ya aurar da 'yarsa ta fari, goro ma bai aiko mani ba. Mutane sun yi ta cewa ni ne ƙarami, in je in ba shi haƙuri. Na ce sai ya fara ba ni haƙurin marin. Aka kai masa, ya ce da ya sani da biyu ya yi.

Shekara huɗu bayan rabon gadon Gwaggo ta rasu. Saƙo ya iske ni a aji, na bar yara na hau mota. Na isa ana shirin fita da ita. A hanyar maƙabarta mutane na karɓa-karɓa, sai na ga ni da shi muna riƙe da makara, shi gaba ta dama, ni baya ta hagu. Ya tsufa, wuyansa ya rame, ƙeyarsa duk furfura. Muka yi tafiya haka kamar taki ashirin, wani ya karɓe shi, wani ya karɓe ni.

Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida don zaman gaisuwa. Na nemi wuri can gefe na zauna. Ba a jima ba babbar ƙanwata ta aiko a kira ni soro. Ta ce Yaya ya ce shi ne babba, shi zai karɓi gaisuwa, kuma ba zai zauna tabarma ɗaya da ni ba, ko in tashi ko shi ya tashi. Tana faɗa tana kuka, tana cewa in yi haƙuri albarkacin mamaciya.

Na ce ta gaya masa ya zauna. Na yi wa Gwaggo addu'a a tsaye, na ɗauki jakata. Babu mota ran nan, sai na taka da ƙafa har Garhanga, na kwana gidan wani abokin aikina, da safe na koma aji wurin yarana.